Sa'ad da Makiyayi Ya Tafi: Darasi Daga Sabha

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:19-26 da 1 Timoti 3:1-7

 Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata waya da aka bugo mini da dare. Mai bugowar magini ne, ɗan ikkilisiyarmu, na san shi tun yana ƙungiyar matasa. Shekararsa biyar ke nan yana aiki a Sabha, babban garin Fezzan a kudancin Libiya. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba Fasto, mun zama marayu. Wanda yake bi da mu cikin sujada ciwo ya ci ƙarfinsa, ya koma gida. Ku taimaka ku aiko mana da fasto."

Na yi shiru, domin na san ba abu ne da zan iya yi ba. A gida, in fasto ya tashi, hanyar a bayyane take. Dattawa su rubuta wa gunduma, majalisa ta zauna, a aiko da wani, zumuntar mata su share gidan fasto su ɗora tukunya. A Sabha babu gunduma, babu gidan fasto, babu ma ginin majami'a mai allo a ƙofa. Majami'un da aka sani, kamar ta Katolika ta San Faransis da ta Angilikan, suna can Tarabulus, tafiyar fiye da kilomita 700. 'Yan'uwanmu a tsakar gidan haya suke taruwa, ran Jumma'a, domin ita ce ranar hutu a ƙasar. Ba zan faɗi unguwar ba, kun san dalili.

Su wane ne su? Magina ne, da masu walda, da masu aikin gona, da masu wankin mota, da mata masu kitso da aikatau. Akwai 'yan kudancin Kaduna, da Filato, da Adamawa, da Maraɗi, da Cadi, da Gana. Yawancinsu a bayan Hilux suka shigo, daga Agadas zuwa Dirku, a wuce Madama, a faɗa Gatrun, sannan Sabha. Garin kuma ya sha wuya tun faɗuwar Gaddafi a 2011. An yi faɗan kabilu a watan Maris na 2012, an kashe fiye da mutum 100, aka sake yi a farkon 2014. A watan Afrilu na 2017 hukumar kula da 'yan ci-rani ta duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi a Sabha kamar bayi. Nijar ta hana safarar baƙi da doka a 2015, ta kuma soke dokar a ƙarshen 2023, motoci suka ci gaba da tashi a fili. A irin wannan wuri ne ake neman makiyayi.

To, mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Ikkilisiyar Antakiya, wadda ta aiki Bulus da Barnaba, wa ya kafa ta? Ba manzo ba ne. Bayan an jajjefi Istifanas, masu bi sun warwatse, waɗansunsu suka isa Antakiya suka soma gaya wa al'ummai labarin Yesu. Luka bai ba mu sunayensu ba, sai garuruwansu kaɗai: mutanen Kubrus ne da na Kurane. Ɗan'uwa, ka san inda Kurane take? A Libiya take. Kangayenta suna nan har yau a garin Shahat, can gabas kusa da teku. Saminu da ya ɗauki gicciyen Ubangijinmu, shi ma Bakurane ne. Wato baƙi daga ƙasar Libiya, a tsorace, ba wanda ya naɗa su, su ne suka soma aikin da ya haifi babbar ikkilisiyar aike ta farko.

Sai daga baya labari ya kai Urushalima, aka aiki Barnaba. Da ya iso bai tarar da kango ba. Ya tarar alherin Allah ya riga shi zuwa, ya yi murna, ya ƙarfafa su, ya je Tarsus ya ɗauko Shawulu, suka shekara guda suna koyarwa. In ka duba farkon sura 13 za ka ga shugabannin wurin mutum 5 ne, ba ɗaya ba. Cikinsu akwai Lukiyas, wani Bakurane kuma, da wani Saminu da ake yi wa laƙabi da Baƙi. Haka ma a Listira da Ikoniya, Bulus da Barnaba ba su jira a aiko da kowa daga Urushalima ba. Da addu'a da azumi suka keɓe dattawa daga cikin mutanen wurin. Titus kuma abin da aka bar shi ya yi a tsibirin Karita ke nan, gari bayan gari.

Saboda haka na ce wa ɗan'uwan nan, "Ɗana, ku sāke tambayar. Kada ku tsaya a kan wa za a aiko mana. Ku tambayi kanku, tun da malaminku ya kwanta, wa yake yin aikin?" Ya ɗan yi tunani, ya ce akwai mutum biyu da ake magana a kansu. Ɗaya sabon zuwa ne, watansa huɗu a garin. Ya iya wa'azi, ya iya Turanci, in ya yi addu'a mata har kuka suke yi, ya kuma ce yana da takardar makarantar fastoci. Ɗayan mai walda ne, ya shekara takwas a wurin, ba mai yawan magana ba, karatunsa ma a hankali yake yi. Amma shi ne yake zuwa asibiti in wani ya faɗi daga saman gini, shi ne kuma ya bi aka sami wurin binne wata 'yar'uwa bara. Matasa suna son na fari, manya suna son na biyu, har an soma daina gaisawa.

Ku karanta 1 Timoti 3 a natse, ku ƙirga. Halaye kusan 15 Bulus ya jera, amma guda ɗaya ne kaɗai ya shafi baiwa, wato iya koyarwa. Sauran duk hali ne: yadda mutum yake da matarsa, da 'ya'yansa, da fushinsa, da kwalba, da baƙi, da kuɗi. Mu kuwa mukan juya jerin. Mukan zaɓa da kunne, mu ji murya mai daɗi mu ce Ruhu ya sauko. Ba na raina wa'azi, aikina ne. Ba na kuma raina takarda, tawa tana nan rataye a bango, na sha wahala kafin in same ta. Amma a zamanin nan ana buga takarda a shagon kwamfuta cikin minti 10. Hali kuwa ba a buga shi.

Bari in daɗe a kan maganar kuɗi, domin a Sabha nan ne tarkon yake. Baƙo da ba shi da takardun zama ba ya ajiya a banki. In ya bar kuɗinsa a ɗaki, 'yan bindiga su shigo su kwashe. Don haka yakan kai wa wanda ya amince da shi, kuma wa ya fi shugaban sujada? Guminsa na shekara biyu, kuɗin auren ƙanwa, kuɗin kwanon rufin gida, duk a hannun mutum ɗaya. Ga kuma abin da ake kira gidan bashi, inda ake kulle wanda bai biya kuɗin mota ba, ko wanda aka kama a hanya, a yi ta dukansa ana buga wa iyayensa waya su ji kukansa. In ɗan ikkilisiya ya faɗa ciki, sai a yi karo-karo don a fanso shi. Wa zai riƙe kuɗin? Wa zai kai? Mutumin da zuciyarsa ta karkata ga kuɗi zai iya gudu da su a dare ɗaya, ya hau motar Tarabulus. Mafi muni, zai iya ƙulla abota da dillalan hanya, ya riƙa nuna musu sababbin zuwa ana ba shi la'ada, yana kuma tsayawa gabanku da Littafi a hannu.

Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya tafi tare da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. In manzo ya yi haka, wane ne ni? Shawarata ita ce, kowa kuka zaɓa, kada ya riƙe baiko ko ajiya. A sa mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta a littafi, a karanta wa jama'a kowane wata. Wanda ya ji haushin wannan tsari, ya riga ya ba ku amsa.

Na biyu, Bulus ya hana a ɗora sabon tuba a kan aikin, ya kuma gargaɗi Timoti kada ya yi garajen ɗibiya wa kowa hannu. A Sabha sai in ƙara da sabon zuwa. Ban ce ɗan'uwan nan mai wa'azi maƙaryaci ne ba, mai yiwuwa Allah ne ya kawo muku shi. Amma ku bincika. Ikkilisiyar farko ma da wasiƙar shaida take aiki: da ita Afolos ya tashi daga Afisa zuwa Akaya, da ita Fibi ta je Roma. Yau ga waya a aljihu. Ku tambaye shi sunan ikkilisiyarsa da na fastonsa, ku buga ku ji. Mai gaskiya zai miƙa muku lambar da murna. Sannan ku dube shi ido da ido ku ce, "Malam, zama ka zo yi ko wucewa?" Mutane da yawa Sabha zango ne a gare su, jikinsu yana nan, zuciyarsu tana bakin teku tana duban Italiya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. In wucewa zai yi, ya yi muku wa'azi muddin yana nan, ku karɓa da godiya, amma kada ku danƙa masa garke. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma ranar da aka soma harbi a unguwa ne za a san makiyayi da ɗan ƙodago.

Akwai kuma shaidar waɗanda suke waje. Ku tambayi mai gidan da kuke haya, da Balaraben da yake ba shi aiki, da maƙwabtansa Hausawa Musulmi masu shayi da masu facin taya. Yana biyan bashi? Yana cika alkawarin aiki? Sun san shi fiye da yadda kuka san shi ran Jumma'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ba a yarda a yi wa Musulmi wa'azin bishara ba. A 2023 jami'an tsaro sun kama mutane, 'yan ƙasa da baƙi, a kan wannan zargi. Ba mu kuma manta da 21 ɗin nan da aka yanka a bakin teku kusa da Sirte a 2015 ba, Misirawa 20 da baƙar fata guda. Shugaban da yake son lasifika, yana ɗaukar hoton jama'a yana sawa a Facebook don a gani a gida, zai jawo wa kowa masifa. Ana bukatar mai ƙarfin hali wanda ya san lokacin magana da lokacin yin shiru.

Wani zai ce, to, Jibin Ubangiji fa, da baftisma, da ɗaurin aure? Kowace ɗarika tana da ƙa'idarta, ba ni ne zan rushe ta a wannan shafi ba. Ku rubuta wa ikkilisiyar gida ku nemi izini da ja-gora. Amma karatun Maganar Allah, da addu'a, da gaida marasa lafiya, da karɓar baƙo, da binne matattu, ba ɗayansu da yake jiran naɗi.

Mu da muke gida ma maganar ta taɓa mu. 'Ya'yanmu ne. Mun karɓi zakkarsu da suka aiko, mun sa kwano a majami'a da ita, amma sau nawa muka buga muka tambayi wa yake ciyar da ransu? Ni kaina na ji kunya, shekara biyar ban taɓa yi wa yaron nan wannan tambaya ba. Urushalima ta aiki Barnaba da ƙafa. Mu in ba za mu iya ƙetare hamada ba, muryarmu tana iya ƙetarewa.

Ga inda aka tsaya yanzu. Sun yarda za su yi azumi Jumma'a uku kafin a yanke magana. Maimakon mutum ɗaya, za su keɓe dattawa uku, ɗaya daga cikin masu jin Turanci da Faransanci domin kada a bar su baya, kamar yadda aka kusa barin gwaurayen Helenawa a Ayyukan Manzanni 6. Mai wa'azin nan zai ci gaba da wa'azi sau biyu a wata har a ji daga ikkilisiyarsa. Mai waldan kuwa da fari ya ƙi, ya ce shi bakinsa nauyi ne da shi. Na tuna masa Musa ma haka ya ce. Mun shirya kowace Laraba da dare, in akwai layi, za mu bi nassin Jumma'a tare ta WhatsApp, ni da su ukun. Mun soma da Bisharar Markus, muna sura ta 2.

A cikin addu'arku ta wannan mako, ku tuna da malaminsu da yake jinya a gida, da azumin da suke ciki, da samari biyu daga cikinsu da har yanzu suke gidan bashi, an tara rabin kuɗin, saura rabi.