Darasi: Yaron da ya yi jinkirin zama, tafiya ko magana

Zuwa ga iyayen yara na Garin Kaka, Dan Daji Makau da Chadakori.

Tun 2019 da 'yan bindiga suka koro iyalai daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, an haifi yara da yawa a nan. Wasunsu tsaransu sun wuce su, iyaye kuma na ɓoye su a ɗaki don kunya.

Mu lura da waɗannan alamomi:

1. Wata 9 bai zauna da kansa ba.
2. Wata 18 bai fara tafiya ba.
3. Shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu.
4. Ba ya waigowa in an kira sunansa.

Wannan ba laifin uwa ba ne. Tamowa, sanƙarau, zazzaɓi mai sa jijjiga, shawarar jarirai ko ciwon kunne kan jawo shi. Don haka a fara kai yaro asibiti.

Sannan iyaye su riƙa haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koyar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama 9 a rukuni, da ziyarar gida 3. Mu ma za mu iya farawa da tabarma ɗaya, sau ɗaya a mako. Ki zauna yaro na kallon fuskarki. Ki ba shi ƙwarya da ludayi, ki faɗi sunansu, ki jira ya amsa, ki yaba masa. Abin da wata uwa ta gwada ya yi amfani, ta koya wa saura. Baba ma ya zo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.