Kada Kiɗa Ya Haɗiye Magana

A Kirsimetin bara ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta ɗauki wasanta a bidiyo, aka aika wa iyaye ta waya. Da muka je gida hutu, tsofaffi suka ce hoto ya yi kyau, amma ba su ji abin da mala'ika ya faɗa wa makiyaya ba, gama kiɗa ya danne shi. Aikin wata biyu ke nan, saƙo kuwa bai isa ba. Saboda haka bari mu yi nazari a kan yadda ake haɗa kiɗa da murya.

Allah ya ba mu kunne biyu. In akuya ta yi kuka daga hagunmu, ƙarar takan riga isa kunnen hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ta kuma fi ƙarfi a can. Da wannan ƙwaƙwalwa take gane inda akuyar take. A 1931 wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein na kamfanin EMI, ya yi rajistar dabarar ɗaukar sauti ta hanya biyu, hagu da dama. Ita ce ake kira sitiriyo. Mai hanya ɗaya kuwa sunanta mono.

A jikin miksa kowane makirfo yana da maɓallin da ke karkata sautinsa hagu ko dama. In aka bar shi a tsakiya, lasifika biyu za su ba da ƙarfi ɗaya. Ga ƙa'idodi huɗu da masu aikin talabijin da fim suke bi:

1. Muryar mai magana ta zauna a tsakiya, domin na hagu da na dama duk su ji daidai.

2. Babbar ganga da duk sauti mai kauri su ma a tsakiya. Fiyano, sarewa da kacau-kacau a ɗan raba su gefe da gefe, su ba murya wuri.

3. Da zarar an fara magana, a sassauta kiɗa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. In aka rage desibel 10, kunne yakan ji kamar an raba ƙarar biyu. In magana ta ƙare, a ɗaga shi sannu a hankali.

4. Kafin a saki aiki, a saurare shi da lasifika guda.

Ƙa'ida ta huɗu ita ta fi shafarmu. Tun da aka buɗe talabijin a Ibadan a 1959, da Kaduna a 1962, shekaru da yawa da lasifika guda mutane suka saurara. Har yau manomi a Tsiga, ko a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, ƙaramin rediyo ko waya yake ratayewa a gonar masara. A irin wannan akwati hagu da dama sukan haɗu wuri ɗaya. In kuwa an juya wayar gefe guda wajen haɗawa, gefen biyu sai su kashe juna, abin da ke tsakiya ya ɓace. Me ke tsakiya? Murya.

Mu kuma tuna da tsofaffi. Kunnensu yakan fara rasa siririn sauti, irin na "s" da "f", waɗanda suke bambanta kalma da kalma. Abin da yaro ya ji sarai, kaka ba za ta ji ba.

A 1 Korintiyawa sura 14 Manzo Bulus ya yi misali da sarewa da molo domin ya nuna amfanin maganar da ake fahimta. Ɗalibin da aka ba miksa ran Lahadi, hidima aka danƙa masa. Ya bar kujerarsa ya je bencin baya, ya tambayi dattijon da ke zaune can ko yana ji.

Aikin gida: Ku ɗauki karatun minti ɗaya da kiɗa a ƙarƙashinsa, ku kunna wa wani tsoho a gidanku, sa'an nan ku roƙe shi ya maimaita abin da ya ji.