Abin da Ke Hana Jirgi Sauka a Kwanakin Hazo

Duk shekara, idan hunturu ya kankama, iska ta kwaso ƙurar Bodele daga arewacin Chadi ta shimfiɗa ta bisa ƙasar Hausa, har mutum ya iya ƙura wa rana ido da hantsi ba tare da ya ƙifta ba, mu da aka ɗora wa amanar kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya mukan sha zargi daga fasinjoji, wai mun bar su suna ta kewaya gari a sama, alhali ga fili a ƙasa babu kowa. Ina ganin ya wajaba in yi bayanin yadda al'amarin yake, gwargwadon abin da na sani daga bakin aikina.

Matuƙin da ke gangarowa cikin hazo ba da idonsa yake tafiya ba. Na'ura ce a bakin titin jirgi take aiko masa da alama, tana nuna masa tsakiyar titi da gwargwadon gangarar da zai bi. Amma na'urar tana da haddi. A mafi yawan filayen da ke da ita, idan jirgi ya sauko har ya rage ƙafa 200 tsakaninsa da ƙasa, kuma matuƙi bai ga fitilun titi da idonsa ba, to haramun ne ya ci gaba da sauka, sai dai ya ƙara wuta ya koma sama. Fasinjan da ya ji injin ya yi ruri, jirgi ya ɗaga hanci bayan har an sako ƙafafu, yakan ɗauki salati yana zaton ajali ne ya zo, ko ya ce matuƙin bai ƙware ba. Wallahi ni a wurina wannan ne ƙwararre, domin wanda na fi tsoro shi ne mai cewa bari ya ƙara sauka kaɗan ko zai hango.

Sa'an nan sai aikinmu ya ƙaru. Mukan jera jiragen da ke jira bisa wuri guda, wani a kan wani, ƙafa 1,000 tsakanin kowanne da ɗan'uwansa, kowa yana zagayen da ke cin kimanin minti 4, na ƙasa shi ne mai fara sauka, sauran kuma su gangaro hawa-hawa. Kowane umarni na bayar, dole matuƙi ya maimaita mini shi kamar yadda almajiri ke biya wa malam allonsa, in kuwa ya ce ƙafa 6,000 alhali 7,000 na ce, nan take zan gyara masa, domin akwai rayuka a hawan da yake shirin shiga. Babu sarki ko attajiri a wannan layi. Wanda ya sanar da larura, ta ƙarancin mai ko ta rashin lafiya mai tsanani, shi ake gabatarwa.

Hukuncin ƙarshe kuwa ba a hannuna yake ba. Ƙa'idojin da ƙasashe suka ginu a kai tun yarjejeniyar Chikago ta 1944 sun ba kyaftin iko a kan jirginsa, sun kuma shar'anta masa ya ɗauki man da zai kai shi wani fili dabam, da ragowar na minti 30 wanda ba a taɓawa sai bisa tilas. Idan lissafinsa ya nuna jira ya ƙare, ya ce zai karkata zuwa Abuja, ni dai nawa in buɗe masa hanya.

Dattawan Kano ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707, wanda ya taso daga Jidda da nufin Ikko, yanayi ya tilasta masa juyowa Kano, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Roƙona ga masu tafiya, musamman manya waɗanda ake jin nauyin maganarsu, shi ne kada a aika wa kyaftin cewa ana da taro da azahar, lallai a sauka. Yana da isasshen lissafi a gabansa a wannan sa'a.