Yaron da Ya Daina Jin Bulala

Wata uwa daga Mando a Kaduna ta aiko da tambaya. Ɗanta shekararsa huɗu. In aka hana shi abu sai ya zube ƙasa ya yi ta birgima, ko a gida ko a gaban mai shago. Ta yi tsawa, ta yi ranƙwashi, har ta kai ga tsumagiya. Yanzu ko an doke shi ko gezau, ya koyi ƙarya, ga fitsarin kwancen da ya bari ya dawo. Kakarsa kuwa ta ce dukan ne bai isa ba.

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ajiye tsumagiyar tukuna mu yi magana.

A bayan goshin mutum akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke aikin birki. Shi ke sa ka haɗiye fushi, ka jira, ka auna abin da zai biyo baya. Wannan sashe ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A shekara huɗu ɗanki kamar Keke Napep ne mai lafiyayyen inji da birkin da bai kama ba tukuna. Shi ya sa birgima ta zama ruwan dare tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu. Idan aka doke shi a wannan hali, jikinsa sai ya cika da sinadaran firgici, yaron da ke cikin firgici kuwa ba ya ɗaukar darasi. Abin da yake koya shi ne yadda zai tsere wa hannunki. Ƙaryar da kike gani daga nan ta tsiro.

A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000. Sun gano cewa yaran da ake yawan duka sun fi taurin kai, sun fi dukan 'yan'uwansu, sun fi fama da damuwa. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar duka gaba ɗaya. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

Na san amsar da ke bakin mutane: ai mu ma an doke mu, ga mu mun zama mutane. Haka ne. Amma ki tuna wa ya gyara ki da gaske. Galibi za ki tarar wata gwaggo ce ko kaka da ta zaunar da ke ta yi miki magana a hankali. Kuma duka yana da hali irin na maganin barci, kullum sai an ƙara. Daga ranƙwashi a koma tsumagiya, daga tsumagiya a koma dorina. Mutanen Kaduna ba su manta watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu, da niyyar gyaran hali.

To, me za ki yi?

Fara da lura da lokacin da rigimar ke tashi. Ki yi kwana uku kina duba agogo. Na kusa rantsewa za ki tarar bayan an tashi daga makaranta ne: an ɗebo shi a keke cikin rana, an sha cunkoso a shataletalen Mando, cikinsa ba komai tun kalaci, ga Islamiyya na jiransa da la'asar. Ko babba aka yi wa haka sai ya yi tsaki. Ki ba shi abinci da ruwa kafin ki ba shi umarni. Ki duba barcinsa kuma, domin yaro mai shekara uku zuwa biyar yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a rana. Wanda ke riƙe da wayarki har ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba zai samu ba.

Idan birgimar ta zo, ki tsuguna daidai tsayinsa, ki sassauta murya, ki faɗa masa abin da yake ji: "Na ga ranka ya ɓaci, biskit kake so. Yau ba za a saya ba." Shi ke nan, kada ki ƙara. Ki tsaya kusa da shi har ya huce. Mai shago zai kalle ki, wata ma za ta ce ki saya masa mana a huta. Kada ki saya. In kika saya bayan kukan minti biyar, kin sanar da shi farashin biskit ke nan, gobe zai biya.

Hukunci kuma ya dace da laifi, ya zo nan take. Ya watsar da tuwo, shi zai kwashe. Ya doki ƙanwarsa, ya zauna gefe minti huɗu, minti ɗaya ga kowace shekara, a wurin da kike ganinsa. Ban da kulle shi a ɗaki mai duhu. Ban da "zan kira maka soja", wadda ta zama waƙar iyaye a unguwar da ke maƙwabtaka da sansanin sojan sama da makarantar horar da hafsoshi ta Afaka. Ban da tsorata shi da allura, domin wata rana za ki kai shi rigakafi. Ranar da ya faɗi gaskiya kan abin da ya ɓata, ki sassauta hukuncin, ki ce masa saboda gaskiyar ne. In ya jira ki kika idar da salla bai dame ki ba, ki yaba masa a gaban mahaifinsa.

Ki sani makon farko zai fi muni, yana gwada ko da gaske kike. Ki daure.

Fitsarin kwance kafin shekara biyar likitoci ba sa ɗaukarsa cuta. Amma tunda ya bari ya dawo, ki kai shi asibiti a duba fitsarinsa, ki kuma bincika ko wani abu ya firgita shi a makaranta ko a unguwa. In yana buga kansa da bango, ko har yanzu maganarsa ba ta fita, ki nemi likitan yara a asibitin koyarwa na Barau Dikko.

Kaka kuwa kada ki yi musu da ita. Ki tuna mata cikin ladabi cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ko tsawata masa ba. Sannan ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta. Malam, idan ka dawo da daddare a daina tarbarka da jerin laifuffuka kana zare belet. Ka ɗauki yaron nan ka ɗora a cinya ko na minti goma ne, ka tambaye shi abin da aka koya masa yau.