Itacen Girki: Wanda Za a Sa a Murhu da Wanda Za a Bari

Tun da shiga daji ya zama kasada a yankinmu, daga Banga har Zurmi da Shinkafi, damin itace ya yi tsada, kowa na cusa abin da ya samu a murhu. Na gwada kusan duka, ido ya sha hawaye. Ga abin da na koya.

1. Ku gwada bushewarsa kafin ku biya. Ku buga guda biyu da juna: busasshe yana ƙara sarai, ɗanye kuwa sai ka ji "dum". Ɗanyen itace yana tafasa ruwan jikinsa ne maimakon tukunyarku, sai kumfa a bakinsa da hayaƙi cike da madafa.

2. Mai nauyi don doguwar tukunya. Ƙirya, marke, bagaruwa da aduwa suna daɗewa suna ci, su bar garwashi mai kyau. Ba banza maƙera ke neman gawayin ƙirya ba. Su za ku ajiye wa wake da tuwon taro. Karan dawa da sabara sun ishi kunu da shayi.

3. Ku bar masu farin ruwa. Tumfafiya, aguwa da tinya, ruwansu na cutar da ido, kuma yara ne ke tsintowa. Kuka ma kar ku wahala, jikinta kamar soso yake. Gawo kuwa ku bar shi a gona, taki yake zuba muku kyauta.

4. Leda ba makunni ba ce. Na san tana kamawa nan take da damina, amma hayaƙin leda, tsohon silifa da taya guba ne, kuma goyon da ke bayanku ke fara shaƙa. Totuwar masara ko ɓawon gyaɗa a kwano mai murfi za su yi wannan aikin. Fetur kuwa, ko ɗigo kada ya kusanci murhu.

5. Katako mai fenti ba itace ba ne. Tsohuwar ƙofa, turken lantarki da katakon rufi da aka shafa wa maganin gara duk suna sakin maganin cikin hayaƙi. In ana gasa nama ko masara, a kansu zai sauka.

6. Kaskon wuta kada ya kwana a ɗaki. Gawayi yana fitar da iska marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. Ciwon kai da jiri su ne alamar farko: ku buɗe ƙofa, ku fitar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara.

7. Ku tara itace tun da bazara. A faskara shi, a jera bisa duwatsu saboda gara, a rufe sama kawai, gefe a buɗe don iska ta ratsa.