Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar Uba Ce ko Ta Siyasa?

Tambaya: Ina koyon Jamusanci. Na ci karo da waƙar Reinhard Mey, wadda yake cewa ba zai ba da 'ya'yansa maza a kai su yaƙi ba. Na fassara kalmomin kaf, amma ban gane ba: waƙar uba ce ko ta siyasa? Kuma wannan ba rashin kishin ƙasa ba ne?
Daga wani ɗalibi, Umdurman.

Amsa: Malam, ƙamus ya yi maka nasa aikin, saura sanin zamanin. An haifi Mey a Berlin a 1942, ana tsakiyar yaƙi, ya tashi cikin kufan birnin. Waƙar ta fito a 1986, lokacin Jamus tana rabe biyu, kowane ɓangare yana tilasta wa samari aikin soja, ga makamai masu linzami an girke a ƙasar. Shi kuwa yana da yara maza biyu ƙanana.

Ka lura da yadda ya gina ta. Ya kawo abin da kowane uba ya sani: raino da zaman jinya. Ya tara wannan wahalar a gabanka a matsayin dalilin ƙinsa. Saboda haka kada ka raba ta gida biyu. Soyayyar uban ita ce hujjar siyasar, kuma nan gaskiyar mawaƙin take, don yaƙi ba ya isa kunnen mutum sosai sai an ambaci ɗansa.

Kai da kake Umdurman ma ba baƙon wannan salo ba ne. Mahjub Sharif, malamin makaranta da ake kira mawaƙin jama'a, ya sha ɗauri tun zamanin mulkin Shugaba Numairi, har a kurkukun Kobar. Cikin baitocinsa da aka fi riƙewa akwai waɗanda ya yi wa 'ya'yansa mata, Maryam da Mai. Muhammad Wardi ya rera waƙoƙinsa da dama. Har Mahjub ya rasu a 2014 ba a ji ya sayar da alƙalaminsa ba. Akwai kuma tamu, A'isha Falatiya, 'yar malami Bafulatani, wadda ta yi waƙa a Rediyon Umdurman a 1942 duk da ƙin mahaifinta da ƙyashin mawaƙa maza. Sai dai ita a wurin 'ya take, ba uwa ba.

Maganar kishin ƙasa kuwa, ni ban ga rashinsa ba. Ana iya yi wa Mey gardama, don wani yaƙin har gida yake tarar da mutum, ku kun fi ni sani tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023. Amma wanda ya tambayi masu mulki dalilin da za su ɗauki ɗansa bai ci amanar ƙasa ba.

Ka sake saurarenta ba tare da ƙamus ba, sannan ka fassara wa mahaifinka ita, ka ji abin da zai ce.