Rumbu a Bakin Mawaƙan Noma

Yau waƙoƙin noma za mu leƙa, irin waɗanda ake yi a gayya, da irin na su Amali Sububu a ƙasar Sakkwato. Hukuncin kiɗa darasi ne na wata rana, yanzu kalmomin kawai nake so mu duba.

Ku lura, mawaƙin noma ba ya tsayawa a kan cewa wane jarumi ne. Sai ya ƙirga maka dammansa, ya kai ka bakin rumbunsa, ya ce har watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, hayaƙi bai daina tashi a gidansa ba. Wannan shi malaman balaga ke kira kinaya: a ambaci alama, a bar maka ka gano abin da ake nufi. Balarabe idan zai yabi mai kyauta sai ya ce mai yawan toka ne. Toka daga girki take, girki kuma don baƙi. To rumbun Bahaushe haka yake. Ba katangar laka ake yabo ba, matar da ba ta fita da ƙwarya aron tsaba a maƙwabta ba ake nufi, da yaran da suka kwana da tuwo a ciki.

Zambon da ake wa rago ma daga nan yake cizo. Kwanciyarsa a inuwa ba ita ce abin kunyar ba, wanda ya bari da yunwa ne. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna tozarta wanda kake ciyarwa zunubi ne da ya ishi mutum.

Inda nake ja da wasu baitocin shi ne idan kirari ya yi zafi, har a mayar da manomi kamar shi ke tsirar da shuka, ko a jingina albarkar gonarsa ga wani asiri. Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da 64, ta raba aikin: naka shuka, tsirarwa ta Allah ce.

Sannan mai dami dubu da ake wa kirarin Sarkin Noma, in ruwan sama ya shayar da gonar, ushiri ne a kansa. Dami ɗari daga ciki ba nasa ba ne, na masu haƙƙin zakka ne.

Wallahu a'alam.